Daga Rediyo Zuwa Talabijin: Aikin Mai Gabatar da Shiri da Abin da Ke Shiga Aljihunsa

(Kiɗan buɗe shiri)

Wannan shi ne shirinmu na faɗakarwa da ke zuwa muku daga nan Abuja, babban birnin tarayya. Ina gaida na gida da na kasuwa. Ina gaida direbobin da cunkoso ya tsayar a hanyar Nyanya da Mararaba, da iyayenmu mata da ke aikin gida rediyo na gefe, da ɗalibai, da masu gadi, da duk wanda ya ba mu aron kunnensa a wannan lokaci.

Yau gida za mu waiwaya. Za mu yi magana a kan sana'ar nan da kuke jin muryar masu ita kullum, wato aikin gabatar da shiri, musamman mutumin da ya faro daga rediyo har ya kai ga ana ganin fuskarsa a talabijin. Matasa da yawa na sha'awar wannan hanya. Suna ganin mutum ya sha babbar riga yana hira da minista, gobe a gan shi a wajen babban taro, jibi hotonsa ya cika waya. Sai tambaya ta biyo baya: shin nawa suke samu? Ta ina kuɗin ke shigowa? Ni ma in na shiga zan yi arziki?

Tambaya ce mai kyau, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya. Abin da nake so mu tashi da shi yau ɗaya ne: jarin mai gabatar da shiri shi ne yardar da jama'a suka yi masa. Duk wata halastacciyar naira da za ta shigo masa, ta wannan ƙofa take biyowa, kuma ranar da ya sayar da yardar nan, ranar ya karya jarinsa da hannunsa. Ku gyara zama.

(Gajeren kiɗa)

Bari mu ɗan koma baya, don mu san yadda aka yi ƙofar ta buɗe.

Shekaru da dama, duk mai son magana a rediyo ko fitowa a talabijin a ƙasar nan, sai dai ya zama ma'aikacin gwamnati. Gidan talabijin na farko an buɗe shi ne a Ibadan a 1959. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa nata gidan rediyo da talabijin a Kaduna, wanda muryoyi irin ta Halilu Ahmed Getso suka fito daga cikinsa daga baya, suka shiga kowane lungu na ƙasar Hausa. A 1977 aka haɗe gidajen talabijin ƙarƙashin NTA, a 1978 kuma aka kafa Rediyon Tarayya. A wancan zamani mai gabatar da shiri yana da matakin albashi kamar kowane ma'aikaci, yana jiran ƙarin girma, yana jiran fansho. Sunansa ya kai Agadas da Kumasi, amma albashinsa bai wuce na abokin karatunsa da ke ma'aikatar gona ba.

Abin ya sauya ne a 1992, lokacin da gwamnatin soja ta yi doka mai lamba 38, wadda ta kafa hukumar NBC mai kula da kafofin watsa labarai, ta kuma ba 'yan kasuwa damar buɗe nasu gidajen. Marigayi Raymond Dokpesi ya buɗe Raypower a Legas a 1994, ya biyo da AIT a 1996. A Kano, Freedom Radio ta fara aiki a 2003, ta kuma sauya yadda talaka ke magana da masu mulki. A 2014 tashar Arewa24 ta zo da shirye-shiryen talabijin na Hausa dare da rana. A nan Abuja yau akwai Kapital FM ta Rediyon Tarayya, akwai Aso Radio da Aso TV na hukumar birnin, akwai Vision FM da Farin Wata, akwai Trust TV, ga hedikwatar NTA a Garki, ga ofishin BBC Hausa. Shiri irin Idon Mikiya, kana iya jin sa a rediyo, kana iya kallonsa. Katangar da ke tsakanin rediyo da talabijin ta yi ƙasa sosai, har ta kai ana kafa kamara a ɗakin rediyo, shiri ɗaya ya fita ta hanya uku: rediyo, talabijin da intanet.

Idan ana neman misalin wanda ya bi wannan hanya a Abuja, da wuya a tsallake Ahmed Isah, wanda aka fi sani da Ordinary President, mai shirin Brekete Family. Ya fara shirin a 2009 a gidan rediyon Kiss FM, daga baya ya koma Love FM, daga nan ya kafa gidansa na kansa, Human Rights Radio, a kan mita 101.1, a gundumar Kaura kusa da Games Village. Yau ana jin shirin a rediyo, ana kallonsa a talabijin, ana kuma bin sa kai tsaye ta intanet daga ƙasashen waje.

Me ya kai shi nan? Da Turancin buroka yake magana, harshen kasuwa da tasha, wanda mai digiri da wanda bai taɓa shiga aji ba duk suna fahimta. Sannan ya ɗauki abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya ya mai da shi shiri. Tsohon da aka riƙe wa fansho, matar da aka ƙwace wa fili, saurayin da aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, mara lafiyar da ba shi da kuɗin aiki, su ne baƙinsa. Tun da asuba suke yin layi a ƙofar gidan. A zaunar da mai kuka ya faɗi kukansa, a ɗaga waya a kira jami'in da abin ya shafa, duniya na ji. Sau da yawa abin da ya gagara shekaru a ofis, sai ya motsa saboda an faɗe shi a bainar jama'a.

Ku lura da yadda yarda ke jawo kuɗi. A 2022, lokacin dogon yajin aikin malaman jami'o'i da ya faro a watan Fabrairu ya kai Oktoba, Ahmed Isah ya buɗe gidauniya a shirinsa da niyyar tara wa ƙungiyarsu ta ASUU kuɗi. Mutane suka yi ta turowa, har gwamnan Akwa Ibom na lokacin, Udom Emmanuel, ya ba da naira miliyan 50. Ƙungiyar ta ce ba ta karɓa, domin haƙƙinta a wuyan gwamnati yake. Ko me mutum zai ce game da dacewar wannan yunƙuri, ya nuna mana abu guda: muryar da jama'a suka amince da ita tana iya sa mutum ya zura hannu a aljihu. Wannan shi ne abin da mai talla yake biya don ya samu.

(Gajeren kiɗa)

Jama'a masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan aikin mai gabatar da shiri daga rediyo zuwa talabijin, da hanyoyin samunsa.

Me ya sa waɗanda suka faro daga rediyo sukan yi fice in sun koma talabijin? Saboda rediyo makaranta ce mai tsanani. A rediyo ba ka da fuska, ba ka da hoto, ba ka da kwalliyar da za ta rufa maka asiri. Da murya kaɗai za ka riƙe mutumin da ke tuƙi ko yake auna hatsi. Dole ka iya gajarta zance, ka iya sauraron baƙo, ka iya jefa tambayar da ta dace a lokacin da ya dace, ka san ƙimar daƙiƙa. Wanda ya ƙware a wannan, rabin aikin talabijin ya riga ya iya.

Sauran rabin kuma sabon karatu ne. A talabijin ana karanta fuskarka kafin a ji maganarka. Inda ka kai ido, yadda ka zauna, abin da hannunka ke yi, duk magana ce. Furodusa na yi maka magana a kunne, kai kuma kana sauraron baƙo, kana kallon kamara, ba tare da mai kallo ya gane ba. Shirin da mutum biyu za su iya fitarwa a rediyo, a talabijin sai da masu kamara, da mai haske, da mai sauti, da mai tace hoto. Don haka kuɗin haɗa shi ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Akwai misali daga maƙwabta da ya kamata mu tuna, domin yana da alaƙa da ƙasar Hausa. Marigayi Komla Dumor ɗan Gana ne, amma a Kano ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa da karatunsa. A gidan rediyon Joy FM da ke Akara, da rahoton cunkoson hanya ya fara, yana yawo a kan babur. Daga nan ya zama mai gabatar da shirin safe, sannan BBC ta ɗauke shi, ya fara da rediyo, ya ƙare yana gabatar da shirin talabijin na Focus on Africa, har Allah Ya yi masa rasuwa a Landan a watan Janairun 2014 yana da shekara 41. A Amurka ma haka abin yake. Larry King ya fara rediyo a Miami a 1957, bai samu shirinsa na CNN ba sai 1985. Shekara 28 ke nan yana gogewa. Sannu ba ta hana zuwa.

To, mu zo ga batun kuɗi, wanda na san shi mutane da yawa ke jira.

Da farko, ina jan kunnenku game da alƙaluman da ake yaɗawa a waya, cewa wane ya mallaki miliyan kaza, wance tana karɓar kaza a wata. Gidajen rediyo da talabijin masu zaman kansu ba sa buga albashin ma'aikatansu, kuma ba wanda ke buɗe wa masu irin wannan rubutu asusunsa na banki. Shaci-faɗi ne kawai don a jawo masu karatu. Abin da zai amfane ku shi ne sanin ƙofofin da kuɗin ke shigowa. Guda biyar ne.

Ƙofa ta farko albashi. A gidajen gwamnati, irin su Rediyon Tarayya da NTA, ana biya ne bisa matakin aikin gwamnati. Ba shi da yawa, amma akwai tabbas, akwai fansho. A gidaje masu zaman kansu kuwa, yadda kuka yi da mai gida ne. Akwai masu biya da kyau kuma a kan kari. Akwai waɗanda ma'aikaci ke bin su bashin watanni. Akwai matasan da ke shafe shekara da shekaru ana kiran su masu koyon aiki, muryarsu na fita kullum, ba a ba su komai sai kuɗin mota. Ku tuna, mafi ƙarancin albashi a dokar ƙasa tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ku auna wannan da rayuwar Abuja: wanda zai buɗe shiri da ƙarfe 6 na safe, yana zaune a Kubwa ko Lugbe ko Suleja ko Mararaba, ga kuɗin mota da ya ninka tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ga haya. Mutum na iya zama sananne a gari alhali ƙarshen wata da bashi yake kai shi. Su kuma kafofin ƙasashen waje, an san sun fi biya, amma su ma ba su da tabbas na har abada. A watan Maris na 2025 umarni ɗaya daga fadar shugaban Amurka ya sa aka dakatar da mafi yawan ma'aikatan Muryar Amurka, Sashen Hausa da ke aiki tun 1979 ya yi tsit.

Ƙofa ta biyu sayen fili. A nan mai shiri ba ma'aikacin gidan ba ne. Yana biyan gidan rediyo ko talabijin kuɗin minti 30 ko awa ɗaya, sannan ya fita neman masu ɗaukar nauyi da masu talla. Kamar wanda ya kama hayar shago ne a kasuwar Wuse: ko ya yi ciniki ko bai yi ba, mai shago zai karɓi kuɗinsa. In shirin ya karɓu, abin da ya rage bayan biyan fili da ma'aikata nasa ne, kuma yana iya fin albashi sau da yawa. In bai karɓu ba, daga aljihunsa zai cika. Wasu gidajen kuma sukan ba ma'aikacinsu kamasho idan ya kawo talla. Wannan na taimakawa, sai dai yana da haɗari, domin mai gabatarwa kan wayi gari ya fi damuwa da farin cikin mai talla fiye da amfanin mai sauraro.

Ƙofa ta uku ita ce abin da suna ke jawowa a waje. Gabatar da taro, na gwamnati ko na kamfani ko na biki. Ɗora murya a kan talla. Fassarar sanarwa zuwa Hausa da karanta ta. Zama jakadan wani kamfani. Horar da masu magana da yawun hukumomi. A Abuja, inda taro ba ya yankewa, wannan ƙofa tana da faɗi, kuma a nan ne fitowa a talabijin ke yin rana, domin mai shirya taro ya fi son fuskar da mahalarta suka sani. Ga mutane da yawa a wannan sana'a, abin da suke samu a nan ya fi albashinsu.

Ƙofa ta huɗu intanet. A YouTube, kafin a fara raba kuɗin talla da mai tasha, sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara guda, sannan a ba shi kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan da aka ɗora a dogayen bidiyoyinsa. Facebook ma ya buɗe wa 'yan Najeriya irin wannan dama a 2024. Amma ku sani, farashin talla ya danganta da inda mai kallo yake. Kallo daga Ingila ko Amurka ya fi kallo daga nan kawo kuɗi. Shi ya sa mai shirin da Hausawa mazauna ƙetare ke bi ya fi samun riba. Kuma dandalin na wasu ne. Suna iya sauya ƙa'ida ko rufe shafi a dare ɗaya.

Ƙofa ta biyar mallaka, kuma ita ce babba. Duk inda kuka ga mai gabatar da shiri ya yi arziki na gaske, ku bincika, za ku tarar ya mallaki wani abu: ko sunan shirin, ko kamfanin da ke haɗa shi, ko gidan baki ɗaya. Oprah Winfrey ta Amurka, wadda ita ma a rediyo ta fara tun tana 'yar makaranta a Nashville, ta shiga sahun masu biliyan na dala ne saboda kamfaninta na Harpo shi ya mallaki shirinta. Ahmed Isah ma, babban matakin da ya taka shi ne tashi daga gidan wasu zuwa nasa. Amma kada hangen nesa ya ruɗe ku. Mai gida yana biyan lasisi, yana biyan albashi, yana shayar da janareto dizal dare da rana, yana sayen kayan aiki da dala. A watan Agustan 2022 hukumar NBC ta ba da sanarwar soke lasisin gidaje 52, har da manya irin su AIT da Raypower, saboda bashin da ya haura naira biliyan 2 da rabi, kafin daga baya ta dakatar da aiwatar da matakin. Idan manya na nishi haka, ku kwatanta halin ƙanana.

(Gajeren kiɗa)

Akwai ƙofa ta shida, wadda ban lissafa ba da gangan, domin ta haram ce. Ita ce 'yar ambulan ɗin nan da ake miƙawa bayan taro ko kafin hira. Wasu na ce mata na goro, wasu kuɗin mai, wasu ihsani. Ko wane suna aka ba ta, aikinta ɗaya ne: ta sa a tausasa tambayar da ya kamata a tsananta, ko a binne labarin da ya kamata a faɗa, ko a wanke wanda bai wanku ba. Hausawa sun gama magana: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Na san talauci na tura mutane, na kuma san wanda aka hana wa albashin wata huɗu yana cikin jarrabawa mai tsanani. Shi ya sa laifin bai tsaya a kan mai karɓa kaɗai ba. Mai gidan da ya miƙa wa matashi katin shaida ya ce je ka nema da shi, shi ne ya fara buɗe wannan ƙofa. Amma duk da haka, ɗan'uwa mai gabatarwa, masu sauraro ba yara ba ne. Suna gane muryar da aka saya. Kuma in sun gane, ba sa aiko maka da takarda, tasha kawai suke sauyawa.

Ba kuɗi kaɗai ke cin yarda ba. Ƙarfin da suna ke ba mutum ma yana iya cin ta. A watan Mayun 2021 sashen binciken BBC Africa Eye ya fitar da wani rahoto a kan Brekete Family. Rahoton ya nuna irin taimakon da shirin ke yi wa marasa gata, ya kuma nuna Ahmed Isah yana marin wata mata da ake zargi da ƙona kan wata ƙaramar yarinya. Abin da ake zargin matar da shi mummuna ne, ba mai musu. Amma hukunci aikin kotu ne. Ahmed Isah ya fito ya nemi afuwa, hukumar NBC kuma ta dakatar da lasisin gidan na kwana 30. Na kawo wannan ne don darasin da ke ciki, ga shi da mu duka masu riƙe da abin magana. Jama'a sun ba mu dama mu tambaya, mu bincika, mu isar da kuka inda za a ji. Ba su naɗa mu alƙalai ba. Mai gabatarwa da ya fara jin shi ne ɗan sanda, shi ne lauya, shi ne mai yanke hukunci, ya kama hanyar zubar da abin da ya shafe shekaru yana tarawa.

Yanzu ga saƙona, kashi-kashi.

Gare ku matasa, maza da mata, masu sha'awar wannan aiki. Ku nemi ilminsa. Akwai sashen koyon aikin jarida a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, akwai kwalejin talabijin ta NTA a Jos, akwai makarantar horarwa ta Rediyon Tarayya a Legas, akwai cibiyar koyon aikin jarida ta ƙungiyar 'yan jarida, NUJ, a nan Abuja. Ku gyara Hausarku, ku gyara Turancinku, domin mai harshe biyu masu kyau kasuwarsa biyu ce. Kada ku tsaya a murya kaɗai: ku koyi rubuta shiri, da tace sauti, da ɗaukar hoto. Ku zaɓi fanni guda ku san shi ciki da bai, ko lafiya, ko noma, ko shari'a, ko kasuwanci, yadda in an tashi neman mai magana a kansa, sunanku zai fara zuwa. Idan za ku kama aiki, ku nemi takarda a rubuce: nawa ne albashi, yaushe ake biya, wa ya mallaki sunan shirin da ka ƙirƙira, wa ke da bidiyon da aka ɗora a intanet, kaso nawa ne naka in ka kawo talla. Ku tambayi batun fansho, domin dokar 2014 ta ce ma'aikaci ya sa kashi 8 cikin 100, mai gida ya sa kashi 10. Ku shiga ƙungiya, NUJ ko RATTAWU, saboda kukan mutum ɗaya ba ya nisa. Sannan in Allah Ya buɗa, kada ku ƙarar da samunku wajen sayen suturar da za ta dace da sunanku. Ku yi tanadi. Murya na tsufa, fuska na tsufa, masu tasowa kuma na nan tafe.

Gare ku iyaye. Idan ɗanku ko 'yarku suka nuna sha'awa, kada ku kashe musu gwiwa da cewa aikin surutu ne. Sana'a ce mai mutunci, ta ilmantarwa da isar da kukan talaka, kuma muna da buƙatar mata a cikinta ƙwarai, domin akwai damuwar da mace ba za ta faɗa wa kowa ba sai 'yar'uwarta. Amma kada kuma ku ɗora musu buri, ku ce tunda an gan su a talabijin sai su fara ɗaukar nauyin dangi. Ku tambaye su halin da suke ciki.

Gare ku masu gidajen rediyo da talabijin. Ku biya ma'aikata haƙƙinsu a kan kari. Gidan da ke kiran gwamnati ta biya 'yan fansho alhali ma'aikatansa na bin sa bashi, da wane baki zai yi magana? Ku raba tsakanin labari da talla, in an biya kuɗin fili a faɗa wa mai sauraro cewa an biya.

Gare ku masu sauraro, ku ne iyayen gidanmu na haƙiƙa. Kunnenku da idonku su ake sayarwa ga mai talla, don haka kuna da iko. Ku ba da lokacinku ga shirin da ke ƙara muku sani, ku juya wa mai zagi da mai hura wutar gaba baya. Idan mun yi daidai ku ƙarfafa mana, idan mun kauce ku kira ku gyara mana. In kuma aka buɗe gidauniya a wani shiri, ku taimaka, sannan ku nemi a yi muku bayanin inda kuɗin ya tafi. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Jama'a, amsar tambayar da muka faro da ita ke nan. Ana samu a wannan aiki, wasu ma sun samu da yawa. Amma mafi yawan masu yin sa rufin asiri suke nema kamar kowa, kuma waɗanda suka daɗe ana damawa da su su ne waɗanda suka iya aikin, suka san haƙƙinsu, suka kuma ƙi sayar da amanar masu sauraro ko da aljihu ya yi sanyi. Wanda zai shigo, ya shigo da wannan niyya.

A nan za mu dasa aya a shirinmu na yau. A madadin wanda ya haɗa mana sauti da duk waɗanda suka taimaka shirin ya iso gare ku, nake cewa Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya kare mu daga cin amana. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri)